Gana: Yadda samarin Zango ke neman wurin zama a Accra ta hanyar zane da waƙa

Duk mai hada-hadar albasa tsakanin Galmi da ƙasar Gana ya san cewa ba buhuna kaɗai manyan motoci ke saukewa a birnin Accra ba, wanda fatakenmu suka fi sani da Ankara. Suna sauke samari ma, wasu da nufin yin wata uku su komo gida kafin damina, amma sai ka ji shekara goma ta shuɗe suna Nima ko Mamobi ko Sabon Zango.

Wannan tafiya ba yau aka fara ta ba. A tsakiyar shekarun 1950 wani Bafaranshe mai suna Jean Rouch ya bi wasu samari uku daga kasuwar Ayoru ta ƙasar Nijar, wato Damure Zika da Lam Ibrahim Diya da Illo Gaudel, yana ɗaukar hotonsu har suka isa Accra da Kumasi. Fim ɗin, mai suna Jaguar, bai fito ba sai 1967. Damure ya samu aiki a wurin sayar da katako, Illo ya yi dako a tashar jiragen ruwa, daga baya suka haɗu da Lam suka kafa teburin kayan koli a kasuwar Kumasi. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne su da kansu suka ɗora wa fim ɗin magana, suna kallon hotonsu suna yi wa juna ba'a. Ke nan baƙo ne ya ba da labarinsa da bakinsa, ba mai masauki ya ba da shi a madadinsa ba.

Shekara biyu kacal bayan fitowar fim ɗin, a watan Nuwamban 1969, gwamnatin Dokta Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama wa'adin mako biyu ya bar ƙasar. Dubban 'yan Nijeriya da 'yan Nijar suka karyar da kadarorinsu suka hau mota, cikinsu har da waɗanda aka haifa a can, ba su taɓa taka Kano ko Tawa ba. Tsofaffin Zango har gobe suna tuna wannan kora.

Shi ya sa maganar asali take da nauyi a Nima. Tsarin mulkin Gana na 1992 ya ɗora zama ɗan ƙasa a kan iyaye ko kakanni, ba a kan wurin haihuwa kawai ba. Don haka yaron da aka yanke wa cibiya a Nima, yana jin Hausa da Tiwi da Ga, zai iya zuwa neman katin shaida a tsare shi da tambayar garin kakansa. In kuma ya zo ganin dangi a Maraɗi, da ya buɗe baki a ce ga ɗan Gana, don Hausarsa ta canza.

Wasu samarin unguwar sun zaɓi su amsa wannan tambaya da waƙa. Ƙungiyar VIP, wadda ta tashi a Nima, ta riƙa cakuɗa Hausa da Tiwi da Turanci a waƙoƙinta, kuma a 2004 ta lashe kambin gwarzon mawaƙin shekara na Gana. Unguwar da jaridu suka saba ambata sai in an yi rigima, sai ga shi ana kiran sunanta da alfahari a gidajen rediyo.

Bayansu sai masu zane suka biyo. Tun 2011 ake gudanar da bikin zane-zanen titi na Chale Wote, wanda aka fara a tsohuwar unguwar Jamestown da ke bakin teku, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka yi suna a wannan fage shi ne Muhammad Awudu, ɗan Nima, da aka fi sani da Moh Awudu. Akwai kuma ƙungiyar masu zane ta Nima Muhinmanchi Art, wadda sunanta ma Hausa ce, mai koya wa yaran unguwa riƙon buroshi tare da ƙawata bangaye.

Mun san akwai iyayen da za su ce wannan duk shiririta ce, yaro aka tura ya koyi ciniki ba shafa fenti ba, wasu kuma suna da ja a kan zana surar mutum ta fuskar addini. Ba mu raina wannan damuwa ba. Sai dai ya kamata a duba cewa a watan Yulin 2021 hukuma ta tashi 'yan albasa daga kasuwar Agbogbloshie, inda suka shafe shekaru, ta mayar da su Adjen Kotoku a bayan gari. Wanda ake yi wa kallon baƙo, ɗaga shi daga rumfa ba ya wuya. Masu zanen nan da mawaƙan, ko ba su sayar da albasa ko ɗaya ba, suna cikin masu sa mutanen Accra su saba da cewa Zango ma unguwarsu ce.

Ga mai shirin tura yaro Gana, yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 kwana 90 kawai ta ba baƙo ba tare da biza ba, bayan haka sai da takardar izinin zama. 'Yan Nijar kuwa, tun da ƙasarsu ta fice daga ƙungiyar a watan Janairun 2025, gara su bincika halin da ake ciki a kan iyaka kafin su hau mota.