Filin Manoma: Tsare Kwalekwale Daga Ɓera Da Maciji A Kwata

Jama'a, a makon jiya na tsaya gaisawa da wani mai sayar da busasshen kifi a kasuwar Kurmi, sai ya kawo mini kuka. Ya ce ya sayi kwalekwale ya ba ƙanensa yana su da shi a Tiga, amma kwana uku kaɗai aka bar jirgin a ɗaure, da aka komo sai aka tarar ɓeraye sun daddatse sabuwar koma, sun kuma ɓata rabin kwandon kifi. Na ce masa zan ba da amsa a wannan fili, domin ba shi kaɗai abin ya shafa ba. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, mutanen birni da yawa sun sa jarinsu a jirage, ga kuma manoman fadama da ke haye da hatsi da albasa a gulbin Wudil.

To, abu biyu ke kawo dabba cikin jirgi, watau abinci da maɓoya. Ba ta kuwa iya shiga sai ta sami hanya. Wanda ya kawar da abincin, ya kuma datse hanyar, ya gama aiki.

Mu fara da abinci. Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ƙarnin kifi, da tsabar dawa da ta zube tsakanin katako, da ragowar tuwo, su ke kiran ɓera da gafiya. Guza shi ma gwanin iyo ne da hawa, yana bin ƙarni. Maciji kuwa ba kifinka ya kawo shi ba, ɓera da kwaɗi ya biyo, sa'an nan ya sami inuwa ƙarƙashin tabarma ya kwanta. Saboda haka kowace yamma a kwashe ruwan da ke cikin jirgi, a share shi, a ɗauraye. Kada a bar koma a dunƙule a ciki, a shanya ta, in ta bushe a rataye ta a gida. Hanjin kifi a haƙa rami nesa da kwata a binne, kada a watsa shi a bakin ruwa, gama shi ke koya wa kada zuwa wurin da mutane ke sauka.

Sai maganar hanya. Babbar gadar ɓera ita ce igiyar da aka ɗaure jirgi da ita. Ma'aikatan manyan jirage sun daɗe da sanin haka. Annobar nan da ƙumar ɓera ke yaɗawa ta ɓarke a Ikko a 1924, ta yi shekaru tana kashe mutane, ciwo ne kuwa da ya saba bin jiragen ruwa daga wannan tasha zuwa waccan. Don haka a tashoshin teku a ke zura faffaɗan faifan ƙarfe a kowace igiya. Ɓera ya biyo igiya ya iske faifai, ga santsi, ga faɗi, sai ya juya ko ya faɗa ruwa.

Wannan dabara ba ta fi ƙarfin talaka ba. Ka sami guntun kwanon rufi, mai ƙera bokiti ya yanka maka shi kamar faifai, faɗinsa kada ya gaza inci 18. A huda tsakiya daidai kaurin igiya, a zura, a ƙulla igiyar gaba da baya don kada ya zame. A lura kada faifan ya taɓa ƙasa ko ruwa ko jikin jirgi. In an bar rata tsakanin igiya da hudar, aikin banza aka yi, sai a cushe ta da waya, domin ɓera ya kan kutsa ta kafar da ba ta wuce rabin inci ba.

Bayan wannan, kada a bar goshin jirgi a kan tudu da dare. A kafa turke cikin ruwa, a ja jirgin baya kamar ƙafa 6 daga gaɓa, a ɗauke katakon da a ke takawa a hau. Gaskiya ne ɓera na iyo, amma hawa jikin jirgi daga cikin ruwa ya fi bin igiya wuya. A sare kacalla da ciyawar da ke kewaye da kwata, kuma kada a ɗaure jirgi ƙarƙashin reshen itace.

Da safe kada ka sa hannu ƙarƙashin kaya sai ka bubbuga jikin jirgi da gora, ka ɗaga tabarma da sanda. In maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A kwantar da shi, a hana shi tafiya, a kai shi asibiti nan da nan. In gamsheƙa ta yi tofi a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa, sa'an nan a tafi asibiti.

Ina gargaɗi game da guba. Kada a sa ta cikin jirgi ko a bakin ruwa, domin in ruwan sama ya wanke ta, kifi za ta kashe, ta cuci masu sha. Tarko ya isa. Mushen ɓera kuma kada a ɗauke shi da hannu tsirara. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara gane shi a garin Lassa na ƙasar Borno a 1969, ta fitsari da kashin wani irin ɓera ya ke kama mutum, ya fi kuwa yawa da rani. Kifi ko hatsin da ɓera ya ɓata, a binne shi. Kada kwaɗayin 'yan kuɗi ya sa ka kai shi kasuwa ka sayar wa ɗan'uwanka ciwo.

Ku da ba ku da jirgi, kada ku ce ba ruwanku. Faifan nan shi ne dai wanda a ke sa wa ƙafafun rumbu, sharar nan kuwa ita ce ke tsare shago a Kurmi. Macen ɓera cikin mako 3 ta ke haihuwa, don haka biyun da ka raina da kaka, kafin bazara sun zama runduna.

Allah ya tsare mana dukiyarmu da lafiyarmu, amin. Sai mako mai zuwa.