Da Wane Mudu Za A Auna Malamin Sabon Birni?

Kwanakin baya na ziyarci wani tsohon abokin karatuna da ke koyarwa a wata firamare a ƙasar Sabon Birni. Na iske shi a aji uku da yara fiye da ɗari, galibinsu zaune a ƙasa, cikinsu har da 'ya'yan 'yan gudun hijira. Da na kawo masa zancen masu cewa a riƙa fifita albashin malamin da ɗalibansa suka fi cin jarrabawa, sai ya yi murmushi ya ce, "Malam, a fara ƙirga min yaran tukuna."

Maganarsa abar dubawa ce. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare, kuma a Sakkwato aka ƙaddamar da shirin UBE a 1999. Amma hare-haren 'yan bindiga, irin na watan Mayun 2020 da ya ci rayuka da dama a ƙauyukan yankin, sun rufe makarantu, sun cunkushe waɗanda suka rage. Yaron da ya kwashe watanni yana gudun hijira a jihar Maraɗi, ta yaya za a ɗora wa malami alhakin faɗuwarsa?

Ba ina kare ragwaye ba ne. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawar 'yan aji huɗu, fiye da 21,000 suka faɗi. To amma awo da sakamako kaɗai yana da nasa haɗari: a birnin Atlanta na Amurka, kotu ta samu wasu malamai da laifin gyara amsoshin ɗalibai a 2015, bayan an rataya lada da ukuba a kan maki.

Shawarata ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha ita ce, a gwada karatun yaro a farkon shekara da ƙarshenta, a auna tazarar da malami ya kai shi, a kuma sanya yawan 'yan aji cikin lissafi. Alawus ɗin karkara da Shugaba Buhari ya yi alkawari a 2020 kuwa, malamin da ya ƙi barin Gatawa ko Kurawa ne ya fi cancantarsa. In ba haka ba, ƙwararru za su tattara su koma birni, 'ya'yan Gobirawa su yi asara.

Allah Ya sa masu iko su ji.