Wa Ke Zaɓen Jaruma? Rabon Rol da Lambar Yabo a Tsofaffin Fina-finan Hollywood

A daren raba lambar yabo ta Oscar, jaruma ita kaɗai take hawa dandamali, shi ya sa mai kallo yake ɗauka gwanintarta ce tsantsa ta kai ta wurin. Gwaninta kam akwai ta. Sai dai tun kafin a kunna kyamara an riga an zauna a ofishin mai kamfani an yanke wadda za a ba rol da wadda za a hana. Duk wanda ya bi tarihin Hollywood daga shekarun 1930 zuwa na 1960 zai ga abu ɗaya yana ta maimaituwa: kwantiragi da lissafin kasuwa da launin fata su ne suke fara tantance 'yan takara, sannan a zo maganar iya wasa. Lambar yabo tana auna wasan da aka yi ne kawai, ba ta da ma'aunin wasan da aka hana wata ta yi.

Kwantiragin shekara bakwai

A wancan zamani manyan kamfanoni irin su MGM da Warner Bros. da Paramount suna riƙe da komai. Su ke shirya fim, su ke rarraba shi, kuma suna da gidajen sinima na kansu. 'Yar wasa takan sa hannu a kwantiragin shekara bakwai, kamfani ya zaɓa mata suna da sutura da irin rol ɗin da za ta riƙa fitowa a ciki. In ta ƙi rol, a dakatar da ita ba albashi, kuma a ɗora kwanakin dakatarwar a kan wa'adin kwantiraginta. In wani kamfani yana son ta, sai ya biya kamfaninta kuɗin aro, ribar ta shiga aljihun mai kamfani.

Saboda haka tambayar farko da furodusa yake yi ita ce: a cikin waɗanda muke biya albashi, wace ce za ta cika mana sinima? Wannan tsari yana da amfaninsa. Kamfanoni sun horar da 'yan wasa sosai, kuma da yake mata su ne babban kaso na 'yan kallo, an riƙa rubuta labarai masu nauyi da mace ke jan ragamarsu. Illarsa ita ce da zarar an san jaruma da wani irin rol, sai a ɗaure ta a nan har kasuwarta ta mutu.

Suna ko sabuwar fuska

David O. Selznick ya sayi haƙƙin littafin Gone with the Wind a 1936 kan dala 50,000, sannan ya mayar da neman wadda za ta fito a Scarlett O'Hara wata talla mai zaman kanta. An shafe fiye da shekara biyu ana nema, an gana da mata kimanin 1,400, jaridu na ta hasashe. Paulette Goddard ta kusa samu, amma rashin tabbas kan ko an ɗaura aurenta da Charlie Chaplin ya sa Selznick ya ji tsoron surutun jama'a. A daren 10 ga Disamba 1938, ana ɗaukar wurin da birnin Atlanta ke ci da wuta, an cinna wa tsofaffin gine-ginen fim wuta a bayan situdiyo, har lokacin babu jaruma. Nan ne ɗan'uwansa Myron ya gabatar masa da wata 'yar Ingila da Amurkawa ba su sani sosai ba, Vivien Leigh. Ta yi gwaji, aka ba ta rol ɗin a watan Janairu 1939, ta kuma ci Oscar.

Rashin sunanta a Amurka ya yi wa Selznick rana. Ba ta da tsadar manyan taurari, kuma 'yan kallo ba su zo da wani tsohon hotonta a zuciya ba, Scarlett suka gani. Bayan shekara goma sha biyu kuma lissafin ya juya. Da za a mayar da wasan A Streetcar Named Desire fim a 1951, an ɗauko Marlon Brando da Kim Hunter da Karl Malden daga dandamalin Broadway, amma aka ajiye Jessica Tandy wadda ta fara fitowa a Blanche, domin kamfani yana son suna mai sayar da tikiti. Leigh, wadda ta taɓa yin rol ɗin a dandamalin Landan, ita aka ba, ta ci Oscar ta biyu. Mace ɗaya ta amfana sau biyu, da farko don ba a san ta ba, daga baya don an san ta.

Wannan lissafi bai cika fita daidai ba. Julie Andrews ce ta yi tashe da rol ɗin Eliza Doolittle a wasan My Fair Lady a New York da Landan. Jack Warner ya biya dala miliyan biyar da rabi kan haƙƙin wasan, ya ga ba zai ɗora wannan jari a kan wadda ba ta taɓa jan fim ba, sai ya ɗauki Audrey Hepburn kan dala miliyan ɗaya. Da aka zo waƙoƙi, muryar Marni Nixon aka ɗora a mafi yawansu. Fim ɗin ya kwashe Oscar takwas, amma ko sunan Hepburn ba a sa cikin 'yan takara ba. Walt Disney kuwa ya ɗauki Andrews a Mary Poppins, kuma ita ta lashe lambar jarumar shekarar 1964. Warner bai yi asarar kuɗi ba, fim ɗinsa ya yi kasuwa. Abin da labarin ya nuna shi ne ma'aunin mai kamfani daban, na masu kaɗa ƙuri'ar Oscar daban.

Ƙofar da launin fata ya rufe

Inda zaɓen ya fi barin tabo shi ne batun launin fata. Tun daga 1934 aka tsaurara dokar tace fina-finai da aka fi sani da sunan Hays. Dokar ta hana nuna soyayya tsakanin farare da baƙaƙe, kamfanoni kuma suka shimfiɗa wannan tsoro har kan sauran jinsuna. Lokacin da MGM ta tashi yin The Good Earth, labarin manoman ƙasar Sin daga littafin Pearl Buck, Anna May Wong ce fitacciyar jaruma 'yar asalin Sin a Amurka, kuma ta nuna tana son rol ɗin O-Lan. Amma an riga an ba Bature Paul Muni rol ɗin mijin. Da zarar miji ya zama Bature, a lissafin kamfani dole mata ta zama Baturiya. Aka ɗauki Luise Rainer, haifaffiyar Jamus, aka yi mata kwalliyar da za ta mayar da ita kamar 'yar Sin. Fim ɗin ya fito a 1937, Rainer ta ci Oscar karo na biyu a jere. Wong kuwa ba ta sake samun dama mai wannan girma ba har ta rasu a 1961. Sai a 2023 Michelle Yeoh ta zama 'yar Asiya ta farko da ta ci lambar babbar jaruma.

Hattie McDaniel ta samu shiga, amma ta ƙofar da aka bar wa irinta. Ta fito a Mammy, baiwar gidan su Scarlett a Gone with the Wind, ta zama baƙar fata ta farko da ta ci Oscar. Ba ta halarci bikin fara nuna fim ɗin a Atlanta ba saboda dokokin wariya na jihar Jojiya. A daren 29 ga Fabrairu 1940, a otal ɗin Ambassador na Los Angeles wanda a lokacin ba ya karɓar baƙaƙe, sai da aka nemi alfarma kafin a bar ta ta shiga, aka zaunar da ita a wani ƙaramin tebur can gefe, nesa da abokan aikinta. Daga nan ta taso ta karɓi lambarta. Lambar ba ta sauya irin rol ɗin da ake ba ta ba, ta ci gaba da fitowa a 'yar aiki da kuku, yayin da ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙe ta NAACP ke sukar irin wannan fitowa. Sai da aka yi shekara 51 kafin wata baƙar mace, Whoopi Goldberg, ta sake cin Oscar ta wasa a 1991, kuma sai a 2002 Halle Berry ta ci ta babbar jaruma.

Waɗanda suka ƙwato wa kansu

Akwai kuma matan da ba su jira a zaɓe su ba. Joan Crawford ta bar MGM a 1943 bayan shekara goma sha takwas, ana ganin tauraruwarta ta dushe. Darakta Michael Curtiz bai so ta a Mildred Pierce ba. Ta sauke girman kai ta yarda a yi mata gwaji kamar sabuwar shiga, ta samu rol ɗin, ta ci Oscar ta shekarar 1945.

Judy Holliday ta shafe shekaru tana rol ɗin Billie Dawn a wasan Born Yesterday a Broadway, amma da za a mayar da wasan fim, Harry Cohn na kamfanin Columbia Rita Hayworth yake so. Sai Katharine Hepburn da darakta George Cukor da marubuci Garson Kanin suka shirya dabara. Suka ba Holliday rol a Adam's Rib na 1949, a ciki har da wata doguwar fitowa inda Hepburn ta koma gefe, kyamara ta tsaya a kan fuskar Holliday tana bayanin yadda ta harbi mijinta. Wannan fitowa ta zama gwajin da Cohn ya ƙi yi mata. Ya sauko ya ba ta rol ɗin, ita kuma ta doke Bette Davis da Gloria Swanson a gasar shekarar 1950.

Wadda ta taɓa tushen tsarin ita ce Olivia de Havilland. Da kwantiraginta da Warner Bros. ya cika a 1943, kamfanin ya ce saura wata shida na lokutan da aka dakatar da ita. Ta kai ƙara, kuma a ƙarshen 1944 kotun ɗaukaka ƙara ta jihar Kalifoniya ta yanke cewa shekara bakwai na nufin shekara bakwai na kalanda. Ta yi kusan shekara biyu ba a gan ta a fim ba. Da ta samu 'yancin zaɓen aikinta, sai ta ci Oscar biyu cikin shekara huɗu, da To Each His Own na 1946 da The Heiress na 1949. Na biyun ma ita ce ta kalli wasan a dandamali ta nemi darakta William Wyler ya mayar da shi fim. A duk shekarun da ta yi a Warner, sau biyun da aka sa sunanta a takara, a fina-finan da aka ba da aronta ga wasu kamfanoni ne. Da wuya a samu hujjar da ta fi wannan nuna cewa mai rabon rol yana iya danne gwaninta shekara da shekaru.

Abin da ya biyo baya

A 1948 Kotun Ƙolin Amurka ta tilasta wa kamfanoni rabuwa da gidajen sinimarsu, talabijin kuma ta fara janye 'yan kallo. Dogon kwantiragi ya mutu sannu a hankali, ikon zaɓe ya koma hannun daraktoci da wakilan 'yan wasa. Ƙofa ta ɗan buɗe wa na waje. Sophia Loren, wadda da farko aka tsara za ta fito a 'yar Anna Magnani a fim ɗin Italiya Two Women, ta ƙare a rol ɗin uwar tana da shekara ashirin da 'yan kai, kuma a 1962 ta zama ta farko da ta ci Oscar ta wasa da harshen da ba Ingilishi ba.

Irin wannan kasada ta ba matashiya rol ɗin uwa masu kallon fina-finan Indiya a ƙasar Hausa sun san ta tun tuni. Mehboob Khan ya ba Nargis rol ɗin Radha a Mother India na 1957, alhali an san ta ne da fina-finan soyayya tare da Raj Kapoor. Sunil Dutt da ya fito a ɗanta Birju sa'anta ne, shekara ɗaya aka haife su. Rol ɗin ya kawo mata lambar Filmfare da ta bikin Karlovy Vary a 1958. A can ma shawarar mutum ɗaya ce, daraktan da yake shi ne mai kamfani, ta yanke wa za ta zama fuskar uwa ga miliyoyin 'yan kallo.

In aka ɗora komai a sikeli, ba za a ce masu kamfanonin nan ba su da ido ba. Leigh ta cancanci Scarlett, Crawford ta cancanci Mildred, kuma tsarin da ya ɗaure mata shi ne ya samar da labaran da suka ɗaukaka su. Amma lambar yabo ta riƙa wanke zaɓen da aka yi bisa wasu dalilai. Da zarar Rainer ta ɗaga kambunta, tambayar me ya hana Wong sai ta zama kamar ƙorafin mai hassada, kuma kamfani ya samu hujjar maimaita abin da ya yi. Ita kanta Rainer ba ta tsira ba, domin bayan nasara biyu a jere MGM ta riƙa jefa ta a fina-finai marasa nauyi, kuma a 1938 ta tattara ta bar kamfanin.

Don haka mai nazarin fim da ya tsaya kan jerin waɗanda suka ci lamba ya karanta rabin tarihi ne. Sauran rabin yana cikin takardun kwantiragi, da dokokin tacewa, da sunayen waɗanda ko gwaji ba a kira su ba. Sauyin da aka samu a wannan fage ya zo ne ta hanyar kotu, da rushewar ikon kamfanoni, da matan da suka ƙi karɓar abin da aka raba musu, kuma duk waɗannan sun faru ne nesa da dandamalin da ake raba lambar.