Kitso a Keita: sana'a mai jiran ƴan bida

A Keita, cikin ƙasar Adar, yarinya kan fara koyon kitso da tsifa da miƙa kibiya a tsakar gidan wata gwana, shekara da shekaru babu lada. Da hurojen Keita ya soma a 1984, da kuɗin Italiya, mata suka yi ta ɗaukar dutse bisa kai ana biyansu da cimaka. Gammo kuwa ba ya barin kitso ya daɗe. Karyewar darajar CFA cikin Janairun 1994 ta tsauwala kuɗin man kanti.

Har yanzu cinikin yana bin ƴan bida. In mazaje ba su aiko daga Abijan ko Libiya ba, bashi ake kitso, makitsiya ta jira kaka.