Malamin Da Aka Haramta Karatunsa Ya Zama Ƙofar Shiga Aikin Gwamnati A Ƙasar Sin

A cikin shekara ta 1196 fadar Sarkin Sin ta haramta wani fannin ilmi da ta kira karatun ƙarya, ta kuma tuɓe jagoransa daga muƙamansa. Wannan mutum shi ne Zhu Xi, wanda ake faɗin sunansa Ju Shi. Da shekara ta zagayo aka fitar da sunayen mutum 59 da aka ce su ne 'yan ƙungiyarsa. Ya rasu a 1200 yana cikin fushin hukuma.

An haife shi a 1130 a lardin Fujian, zamanin daular Song, ya kuma ci babbar jarrabawar shiga aikin gwamnati a 1148. Amma bai daɗe a kan kujera ba, don ya sha ƙin karɓar muƙami, in kuwa ya karɓa sai ya taka manya. A 1182 ya kai ƙarar hakimin Taizhou har sau shida bisa zargin cin amana, alhali hakimin yana da dangantakar aure da babban waziri. A 1194 aka kira shi ya riƙa karantar da sabon sarki, bai cika wata biyu ba aka sallame shi.

Babban aikinsa dai sharhi ne. A da, ɗalibai suna fara fama da manyan littattafai biyar na tsohon zamani, masu wuyar gaske. Shi kuwa sai ya ware huɗu: Babban Ilmi, da Zantuttukan Konfushiyas, da littafin Mengzi, da na Tsaka-tsaki, ya ce a fara da su, a bi su daki-daki. Ya yi musu sharhi jimla bayan jimla, irin yadda malaman zaure ke warware matani ga almajirai. A ganinsa kowane abu a duniya yana da ƙa'idar da ke cikinsa, kuma wanda zai riƙe jama'a wajibi ne ya binciki al'amura har ya gane ta, ya gyara halinsa tukuna. Ƙarfin halinsa ya kai ya sāke jerin sassan Babban Ilmi, har ya rubuta wani sashe da kansa, wai na asali ya ɓace. Kwana uku kafin rasuwarsa yana nan yana gyaran sharhin wannan littafi.

Bayan ransa al'amari ya juya. A 1241 aka sa sunansa cikin waɗanda ake girmamawa a haikalin Konfushiyas. A 1313 kuwa sarakunan Mongol masu mulkin Sin suka zartar cewa da sharhinsa za a riƙa auna masu neman aikin gwamnati, daulolin Ming da Qing kuma suka ɗore a kan haka.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Mutumin da ya yi ta sukar masu karatu don neman muƙami kawai, shi ne aka mayar da maganarsa abin hadda don neman muƙami. Wanda ya kauce wa fassararsa a ɗakin jarrabawa ya sayi faɗuwa da kuɗinsa. Malamai irin su Wang Yangming da Dai Zhen sun yi masa raddi mai zafi, amma jarrabawa ba ta saki sharhin ba sai da aka soke ta baki ɗaya a 1905.