King's College Ta Ikko: Yadda Rikicin Ɗakin Kwana Ya Haifi Jam'iyya

Duk ɗan Arewan da ya taɓa zuwa Dandalin Tafawa Ɓalewa a Ikko ya ga ginin King's College a gefe, ko da bai kula ba. Turawa ne suka buɗe ta ran 20 ga Satumba, 1909, da yara goma tak. Yanzu makarantar Gwamnatin Tarayya ce, kuma 'yan Arewa ma sun yi karatu a cikinta, har da Sanusi Lamiɗo Sanusi.

Malamin tarihi a nan ba sai ya wahala ba, don kuwa darasin yana bakin ƙofa. Ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, aka kwashe yaran daga ɗakunan kwanansu aka bai wa soja, su kuwa aka tura su wani masauki maras kyau. A 1944 yara suka yi bore. Hukuma ta kai su kotu, ta kuma tusa takwas cikin aikin soja ƙarfi da yaji. Wannan danniya ta harzuƙa mutanen Ikko, a watan Agusta aka kafa jam'iyyar NCNC, Herbert Macaulay shugaba, Nnamdi Azikiwe sakatare. Bayan shekara 16, a filin sukuwar da ke maƙwabtaka da makarantar aka sauke tutar Ingila.

Abin takaici, wajen 2009 aka cire tarihi daga darussan firamare da ƙaramar sakandare, sai a 2022 Gwamnati ta ba da sanarwar maido shi. 'Ya'yan Agege da Idi-Araba da yawa sun gama makaranta a tsakanin nan ba wanda ya ba su labarin yaran nan takwas.