Yadda Rigimar Sarakunan Mai Ta Taɓa Garin Suleja

Tsakanin Suleja da birnin Riyad na ƙasar Sa'udiyya akwai tafiya mai nisan gaske, amma duk da haka kaɗan ne daga cikin garuruwan Nijeriya da shawarwarin sarakunan Larabawa masu arzikin mai suka taɓa kamar yadda suka taɓa wannan gari na gindin Dutsen Zuma. Har sunan da garin yake amsawa a yau yana da alaƙa da wata rigima da ta ɓarke tsakanin Sarki Faisal da Amurka.

Abotar gidan sarautar Sa'udiyya da Amurka ta samo asali tun watan Fabrairu na 1945, sa'ad da Sarki Abdul'aziz ya gana da Shugaba Roosevelt a cikin wani jirgin ruwan yaƙi. Fahimtar da aka yi ita ce, Sa'udiyya ta ba da mai, Amurka kuwa ta ba da tsaro. Haka aka zauna har watan Oktoba na 1973, lokacin da yaƙi ya tashi tsakanin Larabawa da Isra'ila, Amurka kuma ta shiga yi wa Isra'ila jigilar makamai. Nan take Sarki Faisal da sauran ƙasashen Larabawa suka rage haƙo mai, suka kuma hana sayar wa Amurka. Kafin watanni uku su cika, gangar mai da ake sayarwa wajen dala 3 ta kusa kai dala 12.

Nijeriya, wadda ta shiga ƙungiyar OPEC a 1971, ba ta sa hannu cikin wannan takunkumi ba, sai dai ta kwashi ganima. Kuɗi suka malalo cikin baitulmali, ma'aikata suka sha garabasar Udoji, jiragen siminti suka cushe tashar Ikko. A cikin wannan yalwa ce gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta naɗa kwamitin Mai Shari'a Aguda, sa'an nan a ranar 3 ga Fabrairu, 1976, ta kafa dokar gina sabon babban birni. Mafi yawan ƙasar da aka yanka daga Jihar Neja ta fito. Garin da Abu Ja ya kafa a 1828 ya sallama sunansa na Abuja, aka koma kiransa Suleja don girmama Sarki Sulaimanu Barau. A nan ne ma'aikatan farko na hukumar gina birnin suka yada zango, ƙauyuka suka cika da baƙi, kuɗin haya kuma ya tashi.

To, amma hannun da ya ba da shi ne ya karɓe. Daga 1981 mai ya yi kwantai a kasuwannin duniya, har gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kawo dokar tsuke bakin aljihu a 1982. Sa'udiyya ta daɗe tana rage nata man don ta tallafi farashi, alhali wasu 'yan ƙungiyar suna haƙo fiye da rabonsu. Da haƙurinta ya ƙare a ƙarshen 1985, sai ta buɗe famfo, farashi ya faɗo zuwa wajen dala 10 a 1986. A shekarar nan ce Alhaji Rilwanu Lukman, mutumin Zariya, ya hau shugabancin OPEC, a ita ce kuma Janar Babangida ya kawo shirin SAP, darajar Naira ta karye. Ayyukan gini suka yi sanyi, leburori da magina da direbobin tifa da suka tare a Suleja suka ji a jikinsu.

Wani abin mamaki kuma, wata masifar ta Larabawa ce ta sake ɗago kasuwa. A watan Agusta na 1990 Iraƙi ta mamaye Kuwaiti, Sarki Fahad ya yarda sojojin Amurka su sauka a ƙasarsa, farashi ya haura, Nijeriya ta sami rarar kuɗi. Ranar 12 ga Disamba, 1991, fadar gwamnati ta tashi daga Ikko ta koma Abuja.

Har wa yau zancen bai sake ba. A 2014 Sa'udiyya ta ƙi rage mai don ta matsa wa masu haƙo shi a Amurka, tattalin arzikin Nijeriya ya durƙushe a 2016. A watan Maris na 2020 ta yi gasar karya farashi da Rasha. A 2022 kuwa ita da Rashar suka haɗa kai suka rage mai, Shugaba Biden ya fusata. A 2023 a birnin Bejin na ƙasar Sin ta sasanta da Iran, abin da ya nuna cewa sarakunan nan sun daina rataya jakarsu a ƙugiya ɗaya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan al'amura yakan iso Suleja, inda dubban ƙananan ma'aikata da ba su iya biyan hayar Abuja suke kwana, suna bin hanyar Madalla da Zuba kullum safiya, cinikin kasuwa kuma yana bin albashinsu.

Abin lura a nan shi ne, a 1976 ɗin da aka kafa dokar gina Abuja, a ita ce masarautar Abu Dabi ta kafa asusun ajiyar rarar kuɗin mai, Kuwaiti ma ta riga ta fara tun 1953. Nijeriya sai a 2011 ta yi dokar irin wannan asusu, ta fara shi da dala biliyan 1. Wannan ajiya na daga cikin dalilan da suka sa sarakunan Larabawa suke iya ja da manyan ƙasashe, su jure faɗuwar farashin da su da kansu suka haddasa. Wanda bai tara ba kuwa, kamar ɗan kasuwar Suleja da magininta, shi ne yake biyan kuɗin faɗan da ba a shawarce shi ba.